Tsakiyar Shafi

Aji huɗu nake koyarwa, kowanne ɗalibai tamanin da ɗoriya, kuma duk Litinin sai sun rubuto min insha'in Turanci. Wa zai iya karanta wannan tulin? Tun farkon kama aikina shugaban sashenmu ya koya min dabara: ka duba sakin layin farko, ka leƙa na ƙarshe, ka ba da maki. Kai da wutsiya muke ce mata. A gaban allo kuwa ni ne mai buga tebur ina cewa tsakiya ita ce naman rubutu.

Wata Alhamis da hantsi shayi ya kife min a kan littafin wani yaro da ake kira Na-taga, saboda a bakin taga yake zama, kullum idonsa a ƙofar makaranta. Ina tsaki ina gogewa, idona ya faɗa tsakiyar shafin. Turancin duk a karye, amma maganar a fili take.

“Malam, na san ba ka karanta nan. Mai farar mota ya ce ranar Alhamis za mu tafi.”

Na koma baya shafi-shafi. Mako shida ke nan yana buɗewa da amfanin ruwan sama ko tsaftar aji, ya rufe da su, a tsakiya kuma yana min magana. Wani mutum na tsayawa da mota a bakin ƙofa yana aikensa da ƙunshi. Yaron ya buɗe ɗaya, ya yi da-na-sanin buɗewa. Abokinsa ya bi mutumin tun wancan zangon, har yau shiru. A mako na biyar ya rubuta, “Tsoro nake ji. Idan ka gani, ka tsayar da ni bayan an tashi.” A ƙasan kowanne ga jan birona: ya yi kyau, bakwai bisa goma.

Da gudu na isa ajin. Jakarsa na kan benci, shi ba ya nan.

“Malam, ai kawunsa ne ya zo ɗaukarsa,” in ji monita. “Wurinka ya je neman izini.”

Sai a lokacin na tuna. Ɗazu wani yaro ya tsaya a kaina a ofis da 'yar takarda, ya ce a hankali, “Malam, ka duba littafina?” Ko kai ban ɗaga ba. Na ce na duba, ka yi ƙoƙari, je ka.

A bakin ƙofa babu mota. Maigadi ya ga yadda nake haki, ya zaro takardar daga aljihu don ya wanke kansa.

“Malam, ni ban buɗe haka kawai ba. Yaron ya daɗe a tsaye ma yana waiwayen ofishinku.”

Ya miƙo min takardar izinin fita. Sa hannuna ne a ƙasa, da jan biro.