Man Hunturun Kumagai

Taraktar ta yi tari sau uku a tsakiyar layin, sannan ta mutu. Fumie ta murɗa makulli, ta sake murɗawa, shiru. Da ta waiga sai ta ga labulen tagar Kumagai ya motsa. Tsohon na zaune a bakin gado cikin bargo, da robar iskar numfashi a hancinsa, yana yafito ta da hannu.

Ta kakkaɓe takalmanta ta shiga. Bai bari ta zauna ba ya tambaye ta ko ta girgiza jarkar man kafin ta zuba. Ta ce ƙwarai kuwa, ta ga wani farin abu ya kwanta a gindin jarkar, shi ne ta haɗe shi kada a yi asara.

"Shekara talatin muna maƙwabtaka, Fumie-chan, ashe ba kya kallon abin da nake yi. Miya kika ɗauke shi?"

"Kai ka taɓa barin wani ya leƙa rumfar nan? Ko kyanwa korar ta kake yi."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari, har sai da 'yarsa Chizuru, wadda ta zo daga Sapporo jinya, ta fito daga kicin ta dafa masa baya.

To, ga yadda abin yake. Gidaje biyu ne kacal a ƙarshen layin nan, na Kumagai da na su Fumie, kuma motar hukuma mai kwashe dusar ƙanƙara a babban titi take tsayawa. Mijin Fumie, Isamu, duk Litinin da Laraba da Juma'a sai an kai shi gari wankin ƙoda. In ya tsallake rana ɗaya ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya yi masa nauyi. Hunturu shida ke nan Kumagai ne ke buɗe musu hanya kafin ƙarfe bakwai, da tsohuwar taraktarsa ta noman dankali, da man da yake haɗawa da hannunsa. Gida-gida yake bi yana karɓar man da aka gama suya da shi, ya tace, ya sarrafa shi da sinadaransa a cikin duro, ya wanke shi har ya zama abin da inji zai sha. Bana ma ya haɗa jarka goma sha biyu tun da kaka. Aikin ƙarshe ne ya rage, sai huhunsa ya kayar da shi, likita ya sallamo shi gida ba don ya warke ba.

Ranar, Litinin da yamma, daga kan gado ya riƙa ba ta umarni kamar mai koyar da ɗan makaranta. Ta tsiyaye tankin tas. Ta canza matatar da farin kitsen ya toshe, akwai sabuwa a gwangwanin biskit. Sannan ta jera jarkokin a arewacin rumfa, inda rana ba ta leƙawa, ta bar su kwana uku sanyi ya yi aikinsa. Duk abin da zai daskare zai kwanta ƙasa. Na saman kaɗai za ta zuƙo da tiyo, a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri.

Fumie ta ce to ai ba sai an sha wannan wahalar ba, tun da gidan man ƙauyen ya rufe za ta iya sayo gas a gari. Ya dai juya ya dubi rumfar ta taga, ya daɗe yana kallo. Ta ji kunya, ta ce wasa take yi. Amma a ranta ta ƙudura cewa ranar Juma'a za ta sayo jarka ɗaya ta ɓoye, don ba za ta jingina ran mijinta da man suyar kifi ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta zuƙo man, yatsunta na sandarewa. Ta cika kwalba ɗaya ta kai masa. Ya sa aka kara jarida a bayan kwalbar, ya ce ta karanta masa ta cikin man. Ta karanto masa hasashen yanayi: dusa mai yawa daga yamma. Ya gyaɗa kai, ya ce in rubutu ya fito haka to man ya yi.

Daga nan ya shiga ba ta labarin man gidaje, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana hutawa tsakanin magana. Ashe duk ya san tukunyar kowa. Gidan malamin makaranta man natane zalla suke suya da shi, ƙwayar nan mai fure ɗorawa, shi ne sarkin hunturu don ba ya saurin daskarewa. Matar mai gidan waya ba ta sake amfani da mai sau biyu, nata kamar ruwa. Ita kuwa tsohuwa Sekine mai shagon taliya, rabin nata kitsen nama ne, ko a watan goma daskarewa yake yi.

"To me ya sa kake karɓa?"

"Tun da mijinta ya rasu, kawo man nan ne ke fito da ita daga shago. Takan zauna ta sha shayi." Ya numfasa. "Ki karɓa da hannu biyu, ki ce ya fi na kowa. Sai ki ɗaura masa jan zare ki ajiye wa bazara. Kada ki kuskura ta sani."

Fumie ta ce yanzu kuma har ƙarya zai gadar mata. Ya ce ai ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Sai ya lumshe ido, Chizuru ta yi mata alama da kai, ta fita a hankali. Tana tsallaka layi dusar ta fara sauka.

Da asubar Juma'a wayar gidan ta yi ƙara. Chizuru ce. Ta ce Baba ya tafi ɗazu, cikin barcinsa, ta jiƙa masa leɓe da ruwa ta juya kansa arewa yadda al'ada ta tanada ga mamaci. Ta kira likita don ya zo ya tabbatar, amma ya ce motarsa ba za ta iya shigowa layin ba.

Fumie ta ajiye wayar ta buɗe ƙofa. Dusar ta kai mata cinya, sanyin kuwa irin mai manne gashin hanci. Isamu na zaune a kicin, ƙafafunsa sun ɗan tasa. Ƙarfe takwas da rabi ake jiransa a asibiti. Gas ɗin da ta yi niyyar sayowa yana can gari, a ɗaya ƙarshen hanyar da ta toshe.

Ta kutsa da shebur har rumfar. Ta ɗauko jarkar da ta zuƙa jiya, ta rungume ta a ƙirji tana tafiya a hankali duk da ta san babu abin da zai girgizu a ciki. Ta zuba, ta hau. Murɗawar farko injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ta ƙirga ashirin yadda ta sha jin tsohon yana yi, tana hawaye suna daskare mata a kunci.

"Haba, Kumagai-san," ta ce a hankali, "kada ka kunyata kanka."

A murɗawa ta uku taraktar ta kama. Fumie ta bar ta tana ɗumama, kunnenta na jiran tarin ranar Litinin. Bai zo ba. Ta sauke ƙarfen ture dusa da ke gaban taraktar, ta nufi babban titi, dusa na zubewa dama da hagu, ƙamshin suya na bin ta a baya.

Da ta dawo, likita na biye da ita a motarsa, ba ta wuce gida kai tsaye ba. Ta tsaya a ƙofar Kumagai ta yi gaba ta yi baya, sau huɗu, sau biyar, har ta share fili mai faɗin da doguwar motar ɗaukar gawa za ta iya juyawa. Chizuru ta fito bakin ƙofa ba ko rigar sanyi, ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Can ƙarshen layin kuwa Isamu ya riga ya fito, jakar asibitinsa a kafaɗa. Yana tsaye a kan sabuwar hanyar yana fuskantar tagar maƙwabcinsa, hularsa a hannu, dusa na sauka a kan furfurarsa.