Glenys Ta Fara Sauka

Ranar Litinin za a kai Glenys gidan kula da tsofaffi da ke Cooma. 'Yarsu Bronwyn ta riga ta cike takardu, ta je ta ga ɗakin, har labule ta sayo. Abin da ya rage kawai shi ne mijinta Desmond ya sa hannu, shi kuwa ya ƙi. Shi ya sa ranar Asabar da sassafe ya ɗaure allunan da ake sawa a ƙafa a yi zamiya kan ƙanƙara a saman mota, ya cika filas da shayi, ya ce wa matarsa ta sa takalmanta na hawan dutse.

Bronwyn ta tare shi a bakin ƙofa, ko rigar barci ba ta cire ba.

"Baba, Nuwamba fa muke ciki. Wace ƙanƙara ce ta rage?"

"Wadda ta rage ta ishe mu."

"Jiya a cikin firji na tsinci makullin motarka, Mama ce ta sa shi. Shekaranjiya Mama ta tambaye ni ko ni ce sabuwar maƙwabciya. Ita ce za ka kai bayan duwatsu, inda ko waya ba ta kamawa?"

"A gida take mantuwa. Gidan ne ke rikita ta, da ku da surutunku. Can sama ba abin da ke samunta."

"In ta rikice a can fa?"

"In ta rikice, da kaina zan sa hannun. In ba ta rikice ba, kada ki ƙara yi mini maganar Cooma."

Desmond yana da shekara saba'in da uku, kuma tun yana yaro ba a taɓa juya shi da magana ba. Bronwyn ta san haka, sai ta matsa gefe tana share ido da bayan hannu.

Masu zuwa tsakiyar hunturu, waɗanda ake ɗorawa a kujerar lilo a kai su saman dutse kamar kaya, sun watse tun farkon Oktoba, don a nan kudancin duniya lokacin ne hunturu yake ƙarewa. Irin su Desmond da Glenys kuwa sai a lokacin kakarsu take farawa. A ajiye mota a ƙarshen kwalta, a goya alluna a baya, a tsallake kogi a kan duwatsu ruwan narkewa na dukan idon sawu, sannan a yi awa biyu da rabi cikin ciyawa da taɓo da ƙudaje. Duk wannan wahalar don gangare ɗaya ne da ke fuskantar kudu, wanda rana ba ta cinyewa da wuri. Mai hankali zai ce hauka ne, kuma ba za a yi masa musu ba. Shekara arba'in da huɗu suna yin haukansu tare.

Suna barin kwalta Glenys ta zama Glenys. Ita ce a gaba, ba ta tambayi hanya ko sau ɗaya ba. Da suka kai kogi ta tsallake kafin ya gama zaɓen dutsen da zai taka.

"Tsoho, in dawo in goya ka ne?" ta ce daga can ƙetare.

"Tafi can, 'yammata. Jakata ta fi taki nauyi."

"Cikinka ne ya fi nawa nauyi. Wa ya cinye burodin da na ajiye?"

Ya yi dariya har sai da ya kusa zamewa. Wata shida rabon da ta tsokane shi. A ransa ya ce ina ma Bronwyn tana nan ta ji da kunnenta.

Ƙarfe goma saura suka kai sama. Iska na kaɗawa, hankaki biyu na yawo a gefen ƙanƙarar suna tsintar ƙwari. Glenys ta caka sandarta ta zamiya a ƙanƙarar, ta goga takalmi a kai, ta girgiza kai.

"Ba ta nuna ba. Ba ta minti ashirin."

Haka ƙanƙarar ƙarshen kakar zamiya take. Da dare ta daskare ta yi tauri, da hantsi samanta ya yi laushi kamar kaurin yatsa, wannan shi ne nunarta. In an wuce wannan ɗan lokacin sai ta jiƙe ta yi nauyi, ta riƙa kama ƙafa, wani lokacin ma gangaren ya zaftare gaba ɗaya. Glenys ce mai idon gane wannan, Desmond bai taɓa iyawa ba. Suka zauna a kan jakunkuna suka sha shayi, ta cire masa ciyawa daga gemu.

Suna da doka ɗaya da ba a karyawa. Mutum biyu ba sa shiga gangare a tare, don in ya zaftare a samu wanda zai tono ɗan'uwansa. Glenys ce ke fara sauka. In ta kai babban dutsen da ke ƙasa, ta ga hanya lafiya, sai ta juyo ta ɗaga sandunanta biyu a gicciye sama da kanta. Desmond ba ya motsi sai ya ga wannan. Sau ɗaya ya taɓa biyo ta kafin ta ɗaga, a shekararsu ta biyu da aure, ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Tun daga ranar ya horu.

Ta sake caka sanda, ta ce, "Yanzu." Ta gyara tabarau ta tafi.

Ya tsaya yana kallonta. Matar da ba ta iya haɗa shayi a gida sai an tsaya a kanta, ga ta tana juyawa hagu da dama ba gargada, ƙanƙara na tashi a bayanta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ƙanƙance a idonsa har ta kai babban dutsen, ta tsaya cak, ta juyo tana kallon sama. Ya gyara tsayuwa, ya riƙe sandunansa da kyau.

Ba ta ɗaga ba.

Da wani baƙo ne, cikin minti ɗaya zai bi ta ya ga lafiya. Desmond kuwa ya tsaya jira, don haka ya saba. A ransa ya ce wataƙila ta ga ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar. Ya ce wataƙila numfashi take mayarwa. Minti biyar ya wuce, goma, ashirin, rana na ƙara zafi a ƙeyarsa. Gaskiyar magana ita ce tsoro yake ji. Muddin yana tsaye a sama yana jira, to ba ta manta ba tukuna, jinkiri kawai ta yi. In ya sauka ba alama, ya yarda ke nan. Sai da ya ga ta fara zagaya dutsen tana dube-dube sannan ya saki jiki ya gangara, ƙanƙarar ta riga ta jiƙe tana jan ƙafafunsa.

Ya tsaya kusa da ita yana haki, ya ɗaga tabarau. Ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu, bawan Allah. Daga sama kake? Ba ka ga mijina ba? Dogo ne, mai baƙin gashi."

"Glenys, ni ne."

Ta ja da baya, ta riƙe sandunan a ƙirji. "A ina ka san sunana?"

Likita ya taɓa gaya masa kada ya riƙa yi mata gardama in ta shiga wannan hali, a lokacin har ya ji haushin likitan. Ya ce, "Shi ya gaya mini. Mun gaisa a can sama."

"Yauwa. Jirana yake yi. Akwai abin da nake yi masa ya sauko, ya ɓace mini." Ta dubi sandunan da ke hannunta, ta juya su. "Da waɗannan ne, na sani. Amma ya ɓace mini."

Desmond ya ɗaga nasa a gicciye, ya nuna mata. Fuskarta ta washe, ta juya ta ɗaga nata sama da kanta, ta miƙe hannu iya ƙarfinta. Suka tsaya tare suna kallon saman dutsen da babu kowa a kai. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa.

Da hannunta ya gaji ta sauke, ya ce, "Ina jin ta ɗaya gefen ya sauka. Zo in raka ki mota, za ki same shi a can."

"Ba ka san shi ba, malam. Desmond ba ya sauka sai na ce. Ni kuma ba na barin mutum a kan dutse." Ta hau dutsen ta zauna. "Ka yi tafiyarka, na gode."

Ya lallashe ta, ya yi mata ƙarya iri uku, ba ta ko gyara zama ba. Ya dubi yamma, gajimare ya fara taruwa. Tsakaninsu da mota awa biyu da rabi ne, ga kogi da zai ƙara cika da la'asar, kuma ba zai iya jan ta da ƙarfi ba, ko da zai iya ma ba zai yi ba. Ya zuba mata sauran shayin, hannunsa na karkarwa har ya zubar da rabi. Ya ciro rigar sanyi daga jakarta ya yafa mata.

"Zauna nan kada ki motsa. Bari in hau in kira miki shi."

"Kai? Da shekarunka?"

"Zan lallaɓa."

Ya goya allunan, ya bi ta gefen gangaren inda duwatsu za su kare shi daga idonta. Kowane taku sai ya nutse har gwiwa. Ruwa ya cika masa takalmi, ƙirjinsa na bugawa har cikin kunne. Ya kan yi taku ashirin ya tsaya, ya leƙa ta tsakanin duwatsu ya ga ko tana nan. Tana nan, ta riƙe kofi da hannu biyu, fuskarta a sama. Hawan da suka yi da safe cikin raha, yanzu sai da ya ci masa kusan awa ɗaya, rabinsa yana kuka.

Da ya kai sama ya share fuska, ya sa tabarau, ya fito fili ya tsaya inda za ta gan shi. Can ƙasa ta miƙe tsaye. Sanduna biyu suka tashi a gicciye.

Saukar ba ta yi kyau ba. Ƙanƙarar ta zama taɓo, ƙafafunsa sun mutu, juyawarsa ta hagu da ba ta taɓa gyaruwa ba ta ƙara lalacewa. Tun kafin ya kai rabi ya jiyo muryarta.

"Lanƙwasa gwiwa, tsoho! Shekara nawa ina gaya maka?"

Ya iso ya kusa faɗuwa a jikinta. Ta kama shi da kafaɗa, ta cire masa tabarau da kanta, ta dube shi, ta san shi.

"Ina ka shiga, Des? Ka bar ta ta wuce nuna. Dubi yadda ka jiƙe."

"Na tsaya kallonki ne."

"Maƙaryaci." Ta kakkaɓe masa ƙanƙara daga hula. Sai ta dubi hanyar duwatsun da ya bi ɗazu, fuskarta ta canza. "Ka haɗu da wani dattijo? Ya zo nan, ya ba ni shayi, shi ya hau ya kira ka. Kuka yake yi, yana ɓoyewa, ya ɗauka ban gani ba. Mutum mai shekarunsa shi kaɗai a kan dutse, ba mai tsaya masa a ƙasa. Ba shi da mata ne?"

Desmond ya sunkuya yana kwance allunan daga takalmansa, bai ɗago ba.

"Yana da ita."

"To ina take?"

"Ba ta da lafiya. Jibi zai kai ta inda za a kula da ita."

"Allah sarki. Ya yi daidai. Ba zai iya shi kaɗai ba. Da ka ga yadda hannunsa ke rawa. Kada matar ta riƙe shi a rai, ka ji, in ka gan shi ka gaya masa haka."

"Zan gaya masa."

"Baɗi in za mu zo, ka nemo shi mu hau tare. Sai in tsaya muku ku biyu."

Ya ce, "To."

Ya haɗa allunanta da nasa ya ɗaure a jakarsa, ya goya. Ta shige gaba ta kama hanyar kogi, ya bi bayanta.