Kirarin Gidan Maitama

Ana shirin sa ranar auren Saliha da Shamsuddeen lokacin da littafin da Saliha ta rubuta ya fara yawo a wayoyi. Labarin zamanin da ne, kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura: wani attajiri, Jatau, ya raba budurwa da saurayinta ya aure ta da ƙarfin tsiya. Wata mai murya ta karanta shi, direbobi suka ɗauka suna sa wa fasinja.

Ran kasuwa da yamma, Inna Ladidi, gwaggon Shamsuddeen, ta shiga motar Mudi daga Ƙaura za ta koma Shinkafi. Mudi ya kunna littafin. Matan da ke baya suka yi ta tsine wa Jatau. Wata ta ce da ita ce da ta zuba masa barkono a ido. Wata ta ce ai irinsu ba su ƙare ba, rawani kawai suka canza. Inna Ladidi ma ta sa baki, ta ce Allah ya isa wa yarinyar.

Sai aka zo wurin ɗaurin aure, maroƙan cikin labarin suka wasa ango: jan bijimi na bakin fadama, mai hana rani shiga Katuru.

Wata 'yar Katuru ta juyo ta dubi Inna Ladidi, ta rufe baki da mayafi. Wannan kirarin Maitama na Katuru ne, mahaifin Inna Ladidi, kakan Shamsuddeen. Shi aka yi wa, 'ya'yansa da jikokinsa suka gada, ba a yi wa kowa sai su.

Inna Ladidi ta ce, "Mudi, wa ya rubuta wanga abu?"

Mudi ya faɗi sunan Saliha.

Shamsuddeen ya kira Saliha a waya, muryarsa a ƙasa. Ta ce a bikin ƙanwarsa ta ji maroƙa suna yin kirarin, ya yi mata daɗi, ta ɗauka. Ta zaci irin wanda ake yi wa kowane mai kuɗi ne. Ya ce yara a Katuru sun fara kiran baffansa Hayatu da Jatau, kuma shi kansa wata mata ta tare shi ta tambaye shi ko kakarsa ce yarinyar da aka ɗaure a ɗaki.

Saliha ta je Shinkafi da yayar mahaifiyarta. Suka durƙusa gaban Inna Ladidi. Yayar ta yi ta ba da haƙuri, ta ce yarinta ce da rashin sani. Saliha ta ce za ta cire kirarin, a sake karantawa.

"Ki cire daga ina, ɗiyata? Daga wayar Mudi, ko daga kunnen mutane?" Inna Ladidi ta gyara zama. "Ubana bai taɓa tilasta wa kowa ba. Uwata ita ta zaɓe shi a dandali, gaban kowa. Ni kuma da bakina na ja mai Allah ya isa cikin mota, mata suna amin."

Ta sa aka kawo musu fura, ta raka su har zaure, ta ce su gaida gida.

Ranar da aka tsayar za a zo sa rana, mahaifin Saliha ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya kira maƙwabta. Ba wanda ya zo daga Shinkafi. Bayan la'asar Baffa Hayatu ya aiko da saƙo cewa sai bayan kaka. Bai ce wace kakar ba.