Furen da Ya Zaɓi Fitilarsa

Daren jiya mafarki ya kai ni wata kasuwa, ina rungume da furen okid ɗin da ƙanwata Turai ta bar mini amana kafin ta tafi karatu. Ɗakina ba taga, ganyen furen duk ya yi duhu ya langaɓe, ga shi an ce gobe za ta dawo.

A kasuwar nan da mudu ake auna haske. Inuwar mutum ce ke fara zuwa ta yi ciniki, shi kuma ya biyo baya ya ɗauki kaya. Na tsaya gaban wata dattijuwa, Inna Gambo, mai sayar da ƙwayayen lantarki. Suna cikin kwando, kaza na kwance a kansu.

"Inna, fitila nake so, wadda ta fi kowacce ƙarfi."

"Ɗana, kai za ka sha hasken ko furen?"

Sai ga mu a wani ɗaki mai rufi a ƙasa, daɓe a sama. Ta kunna ƙwai mai ruwan ɗorawa, irin mai zafin nan. Furen ya juya mana baya. Ta kunna ja da shuɗi, wurin ya koma kamar gidan biki. Furen ya yi gyaran murya.

"Kawu," ya ce da ni, "kakannina a kan reshe suka girma, ƙarƙashin ganye. Rana sai ta yi sallama kafin ta shigo musu."

Ban taɓa jin magana mai natsuwa irin wannan ba. Duk yunwar da ya sha a ɗakina, bai kai ƙarata ba.

Inna Gambo ta ɗaga kazar, ta zaro wani dogon ƙwai fari mai sanyi, ta rataye shi kamu biyu sama da ganyen. Ta sa bayan hannuna a ƙarƙashi, ban ji zafi ba.

"In magariba ta yi ka kashe. Shi ma yana barci."

Saiwoyin suka leƙo daga tukunya suna shan iska. Kara ya miƙe a hankali, fararen furanni suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigon ja a leɓe. Na tsaya ina kallo har na manta da ƙafafuna, suka tafi gida suka bar ni.

Na ce, "Inna, mene ne sunan ƙwan nan?"

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ƙarar injin markaɗe ta fito. Na farka, ashe maƙwabciyata ce ta fara niƙa waken ƙosai.