Kalmar da Yaya Ta Faɗa

Shekara sittin da ɗoriya ni da Yaya muna gardama a kan abu ɗaya. Ni ina cewa gwaza, ita tana cewa makani. A wurinta gwaza sunan ƙananan nan ne masu ƙaiƙayin maƙogwaro, manyan kuwa makani, kuma duk wanda ya haɗa su bai taɓa riƙe fartanya ba. Na ce mata shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na buɗe ƙamus uku, kowanne da abin da ya ce. Ta ce, "Su masu ƙamus ɗin, sun taɓa ferewa?"

Mazanmu suka rasu, 'ya'ya suka watse, muka koma gida ɗaya, ɗaki biyu da kicin. A cikin kayan yarinta, gardamar nan kaɗai ta biyo mu. Ko a kasuwa in na ce a auna mini gwaza, sai ta leƙo ta kafaɗata ta ce wa mai kaya, "Makani take nufi, ɗana. Boko ne ya taɓa ta."

Watan jiya ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke, aka kwantar da ita a asibiti. Ɗanta tilo, Injiniya, ya zo daga inda yake aiki, tafiyar kwana biyu. Ya ce ranar Asabar da an sallame ta zai tafi da ita.

"Inna, ba ta san inda take ba. Nan da can duk ɗaya ne a wurinta."

"Kai ta gaya wa?"

Likita ce ta raba mu. Ta ce in mara lafiya ta nuna tana amsa wa wani, gara a bar ta kusa da shi. Injiniya ya yarda: in kafin Asabar Yaya ta ce mini wani abu, zai bar ta a gida, ya samo mai taya ni jinya.

Masu dubiya suka yi ta kawo iliminsu. Wasu suka ce masu wannan ciwo suna jin komai, wasu suka ce ba sa jin komai. Na duba su ɗaya ɗaya, ban ga wanda ya je ya dawo ba.

Kullum da hantsi wata nas mai koyar da magana takan ɗaga kofi ta ce, "Kofi, Mama. Ko-fi." Yaya ta kalli bango. Ban ga laifinta ba. Wa zai taso daga wannan nisa saboda kofi? Yayata, in ana so ta fito, faɗa ake ja da ita.

Ranar Juma'a da safe na shiga kasuwa na zaɓi babba guda, irin wanda za ta rantse a kansa. Ban wanke ba. Na ɗora shi a kan gadonta da ƙasarsa da gashinsa.

"Mama, yau aka canza zanin gadon nan," in ji nas.

"Gobe ma a canza." Na ja kujera. "Yaya, ga gwaza na kawo miki. Dubi girmansa. Gwaza ne, kuma babu mai cewa ba shi ba ne."

Idonta ya bar bango ya sauko kansa. Bakinta ya fara motsi ta gefen hagu. Na zuba wa leɓenta ido ina jira su haɗu, don ba a cewa makani sai sun haɗu. Ba su haɗu ba.

"Gwa…za," ta ce.

Nas ta tafa hannu. Injiniya ya rufe fuska, sannan ya fita baranda yana kiran matarsa a waya, nas kuma ta tafi neman likita. Muka rage mu biyu. Na sunkuya kusa da kunnenta.

"Kujera," na ce.

"Ku…je…ra."

"Makani."

"Makani." Ta maimaita, murya ɗaya da ta kujera. Babu ɗaga gira, babu wannan tsakin da takan ƙarasa da shi.

Injiniya ya dawo yana dariya da jajayen idanu. "Inna, kin ci gardama ke nan. Shekara sittin, yau dai ta sallama." Ya durƙusa ya kama hannuna. "Na bar miki ita. Ashe ke take ji."

A rayuwata ban taɓa barin amsar da ba daidai ba ta wuce ni ba, ko ta ɗan shugaban makaranta ce. Na buɗe baki. Sai na tuna silifas ɗinta da ke bakin famfo tun ranar, wanda na kasa ɗaukewa, da kofin shayi na biyu da nakan sauko da shi in mayar.

"To," na ce.

Asabar da azahar aka kwantar da ita a ɗakinta, fuskarta wajen taga. Mai jinya sai Litinin. Na shiga kicin na fere babban nan, hannuna ya ɗauki ƙaiƙayi har wuyan hannu. A da ita ke ferewa. Takan ce ba ya cizon wanda ya san sunansa, ni kuwa na sha ganin ta tana shafa mai a hannu a ɓoye. Na nemi kwalbar man na rasa inda take ajiyewa.

Na dafa, na murƙushe da cokali, na barbaɗa gishiri, na zauna a bakin gadon.

"Buɗe baki, Yaya. Gwaza ne."

"Gwaza," ta ce, ta buɗe.

Na jira kaɗan, ko da na san babu abin jira. Agogon bango yana ta aikinsa.

"Makani take nufi," na faɗa a madadinta. "Boko ne ya taɓa ta."

Na goge mata gefen baki, na ɗebo wani cokalin.