Ranar da Aka Gyara Murhun Dogo

Hannun Dogo na dama ya daɗe yana karkarwa kafin ya yarda ya ga likita, kuma da ya gan shi ɗin ba abin da ya sauya sai ƙwayoyi da suka ƙaru a gefen gado. Kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. Maɓallin riga matarsa ke sa masa. Amma jita, wadda da ita ya ci abinci tun yana saurayi a otal-otal da gidan rediyo, ba ta daina yi masa biyayya ba, kuma kowa a gidan ya san albarkacin murhu ne.

Murhu suna ne da matarsa ta raɗa wa wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai tsatsa, saboda zafin da yake ɗauka. A cikinsa akwai bawul, 'yar kwalbar gilashi da ke yin ja in an kunna. Wayar jita takan shiga murhu tukuna, sannan ta wuce babbar amfilifaya mai taransista. Ita amfilifayar ƙarfi kawai gare ta. Abin da ka ba ta shi za ta faɗa da babbar murya, ba ragi ba rufin asiri, in kuwa ka matsa mata sai ta yi ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Murhun ne ke dafa sautin kafin ya isa gare ta. Yakan sa masa kauri da 'yar dishewa, ya ja shi ya yi tsawo. In Dogo ya taɓa tsirkiya, sai sautin ya tsaya a iska yana jiransa, karkarwar yatsunsa ta shige ciki kamar da gangan ya yi ta.

Wani mai situdiyon ɗaukar waƙa, matashi mai son tsofaffin kaya, ya tsinci kaset ɗin Dogo na zamanin da, ya bi sawu har gida. Dogo ya kaɗa masa waƙoƙin da ya tsara bayan ya bar otal, waɗanda ba a taɓa ɗauka ba, ba kuma inda suke sai a yatsunsa.

"Wannan sautin nake so, Baba," in ji matashin. "Shi ɗin, ba wani ba."

Ya ba su rana. Matar Dogo ba ta gaya wa kowa ba, amma likita ya riga ya ja ta gefe ya ce mata hannun ba zai jira kowa ba. In ba a ɗauki waƙoƙin nan yanzu ba, to sun tafi.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai aiki a kantin magani, ita ta fi kowa rawar jiki. Ta sayo wa mahaifinta sabuwar riga. Ta kuma lura murhu yana gurnani ko ba a taɓa jita ba, yana warin ƙonewa, in an ɗan girgiza shi yana tartsatsi. An koya mata, kamar yadda aka koya wa kowa, cewa abin da ya lalace gyara shi ake yi. Ba wanda ya taɓa koya mata ta tambayi me lalacewar take riƙe da shi. Ana gobe za a shiga situdiyo, iyayenta suna asibiti karɓar magani, ta ɗauki akwatin ta kai wa mai gyaran rediyo.

Da la'asar ta ajiye shi a tsakar falo, an goge tsatsar har yana ƙyalli.

"Baba, rufe ido."

"In na rufe ido wa zai riƙe min hannu?" Ya yi dariya, sannan ya ga akwatin, dariyar ta tsaya. "Wa ya yi wa murhuna wanka?"

"Gyara aka yi masa. Jona ka ji, gurnanin nan duk ya tafi."

Ya jona. Lallai gurnani ya tafi. Ya taɓa tsirkiya, sautin ya fito siriri, tas, ya mutu nan take. Ya murɗa maɓallin murhun har ƙarshe. Dishewa ta zo, amma sai in ya daki tsirkiyar da ƙarfi, ƙarfin da hannun ba shi da shi kuma. Ya fara waƙar farko. Inda a da taɓi guda ke isarsa, yanzu sai ya yi ta taɓawa, amfilifaya kuwa tana shelar kowane kuskure har maƙwabta.

"Ai ya fi fita yanzu, ko Mama?" in ji Auta, muryarta tana raguwa.

"Ɗauko mayafinki," in ji uwar. "Mu je wurin mutumin naki."

Shagon mai gyara ɗan lungu ne, tsofaffin talabijin jibge har rufi, warin dalma ya cika shi. Mutumin ya tarbe su da fara'ar wanda ke jiran godiya.

"Baba, wannan akwati Allah ne kawai ya tsare ku bai tashi da gidan ba. Bawul ya gaji, komai na ciki ya kauce daga lambarsa. Yanzu kamar ranar da aka ƙera shi yake."

"Ranar da aka ƙera shi ban so shi ba," in ji Dogo. "Sai da muka tsufa tare. Ina tsohon bawul ɗin?"

Aka tone bokitin shara, aka same shi bai fashe ba. Mai gyara ya mayar, suka gwada a amfilifayar shago. Sautin ya ɗan yi duhu, shi ke nan. Ba shi ba ne.

"To ai ba bawul kaɗai na canza ba," in ji mai gyara, yana sosa ƙeya. "Akwai ƙananan kaya da na yanke. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun zo ɗazu sun kwashe."

"Ba ka auna su ba kafin ka yanke?" in ji matar Dogo.

"Mama, wa ke auna mushe?"

"To sa wasu tsofaffin."

"Kowane tsoho da irin lalacewarsa. Sai in yi shekara ina lalube ban dace da taku ba." Ya dubi Dogo. "Wallahi aiki mai kyau na yi, Baba."

"Na gani," in ji Dogo. "Ba ka bar komai ba."

A hanya Auta ta yi ta kuka tana tuƙi. Uwar ta ce mata ta kalli titi, kada a haɗa asara biyu.

Washegari da hantsi suka shiga situdiyo, ɗaki mai sanyi da soso a bango da gilashi a tsakiya. Mai situdiyo ya saurari labarin, ya ce ba komai, kwamfutarsa tana da kwaikwayon kowane irin bawul da aka taɓa yi a duniya. Ya sa wa Dogo abin ji a kunne, ya yi ta danne-danne.

"Wannan fa, Baba?"

"Ya yi kama."

"Wannan?"

"Ɗana, a kunne ya yi kama. A yatsa ne bai yi ba. Nawa in na taɓa shi yakan lotsa ya ba ni wuri. Wannan sai na gama faɗuwa yake zuwa ya yi min kwalliya."

Duk da haka suka gwada. Matar Dogo tana bayan gilashi tana kallon hannun. Ta san waƙoƙin nan kamar yadda ta san tarinsa, don haka ta san kowane wurin da ya tsallake don ya tsira. Waƙar farko ta watse a tsakiya. Aka sake, ta watse tun kafin nan. Da gajiya ta shigo, karkarwar ta haura har gwiwar hannu, ɗan robar da yake kaɗawa da shi ya suɓuce ya faɗi. Auta ta shiga ta ɗauko masa. Ya sake faɗuwa.

"Mu huta," in ji mai situdiyo. Ya matso wurin matar Dogo, ya yi ƙasa da murya. "Mama, ko mu ɗage zuwa wani watan?"

"Wani watan ba zai fi yau ba."

Ya kama wasa da linzamin kwamfuta. Ba mugun yaro ba ne, ta ga haka, kuma da mugu ne da ta fi samun sauƙi.

"To ga shawara," ya ce. "Tsohon kaset ɗin nan zan wanke sautinsa, in fitar da shi. Mutane za su so shi sosai."

"Sababbin fa?"

"In Allah ya kawo sauƙi."

Dogo ya ji, don ba a kashe makirufo ba. Ya zare wayar daga murhu, ya naɗe ta a hankali yadda ya saba.

"Baba, kafin ka sa ta a jaka," in ji mai situdiyo, "bari in ɗauke ka hoto da jitar, na bangon faifan. Rigar nan ta yi kyau."

Dogo ya gyara zama, ya ɗora hannu a kan tsirkiyoyin. Matashin ya ɗauka, ya duba wayarsa, ya sake ɗauka.

"Hannun yana fitowa dishi-dishi. Ɗan tsaya cak, Baba."

"Shi nake yi."

Matar ta ajiye jakarta, ta zagaya ta durƙusa a bayan kujera. Ta kama gwiwar hannunsa ta ƙasa da hannu biyu, ta danne.

"Ana ganina?" ta tambaya.

"A'a, Mama. Sunkuya kaɗan. Yauwa, haka."