Dattin Ranar Asabar

Hannayen Daso na cikin sumar wata mata, kitson ya kai rabi, wayarta ta shiga rawa a kan tebur tsakanin kwalbar mai da matsefi. Sunan ɗanta Haidar ne ya fito. Ta goge yatsunta a gefen zani, ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

Ba muryarsa ba ce. Wani saurayi ne ke zuba Turanci yana haki, ga kiɗa a bayansa kamar ana daka. Ya ce sunansa Malachy, ɗakinsu ɗaya da Haidar a jami'a. Shekara tara Daso ta yi a garin Greensboro na Amurka. Turancinta ya ishe ta ciniki da masu zuwa kitso, ya ishe ta sayayya da ganin likita. Amma kalmomin yaron nan a cure suke fitowa, uku kacal ta iya tsinta: dati, shot, da fas.

Shot ta san shi, harbi ne, kullum tana ji a labaran yamma. Fas kuwa da shi matan da take yi wa kitso ke ba da labarin rasuwar iyayensu. Kuma da shi Haidar ya yi mata albishir ranar da ya ci jarrabawar tuƙi.

"Harbinsa aka yi?" ta tambaya da Hausa. Sai ta tuna, ta sake da Turanci.

Malachy ya ce a'a, a'a, amma ya sake maimaita kalmar shot ɗin, har ya ƙara da lissafi: goma sha biyu, ko fiye. Ya faɗa mata sunan layi da lambar gida a unguwar Glenwood, wayar ta yanke.

Matar da ke kan kujera ta ɗago tana kallonta ta madubi. Daso ta ajiye matsefi, ta yafa gyale a kan rigar aiki, ta fita ba ta rufe shagon ba.

*

A kan titin Gate City Boulevard kowace danja sai da ta tsayar da motarta. Ƙarfe uku da kwata, rana fes, mutane na fitowa daga kantuna da ledojin cefane. Wane irin harbi ne ake yi wa mutum sau goma sha biyu a ce kuma ba harbi ba ne? Kuma me ya haɗa harbi da masu kwashe shara?

Domin ita abin da ta sani ke nan. Shekararsa ta farko a jami'a, duk Asabar Haidar na zuwa gida ya ci tuwo ya kwashi wanki. Daga watan tara na bana ya fara cewa, "Mama, ba zan samu zuwa ba, muna da dati."

"Wane irin datti kuma?"

Ya yi dariya, ya ce da Turanci abu ne da ɗalibai ke yi da rana, a waje, kowa na zuwa. Ita kuwa ta haɗa rana da waje da datti, ta tuna Asabar ɗin tsaftar muhalli a Kano, ta tuna matasan da take gani a gefen hanya da riguna masu walƙiya suna tsintar gwangwani. Shi ke nan ta fahimta. Ta kira babansa Surajo, wanda ke tuƙa babbar mota tsakanin jihohi, ta ce masa ɗansa ya shiga aikin gayya. Har safar hannu ta roba ta saya masa da takunkumi. Ya juya su a hannunsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce ya gode.

Tun kafin ta ga lambar gidan ta ji kiɗan. Ƙaramin gidan katako ne mai baranda, harabarsa cike da samari da 'yan mata, wasu ba riga, wasu a zaune a kan rufi ƙafafunsu na reto. Datti kam akwai shi. Jajayen kofunan roba sun rufe ciyawa, ga gwangwanaye, ga wata katifa da aka jefo waje. Ta tsaya a bakin shinge tana neman mai tsintsiya ko leda ko cebur. Ba ta ga ko ɗaya ba. Wata yarinya ta sunkuya, Daso ta zaci kofi za ta ɗauka, sai ta ga amai take yi a gindin bishiya.

Ta duba ƙasa tana neman jini. Babu.

Wani dogon yaro ya nufo ta da wayar Haidar a hannunsa, idanunsa jawur. Malachy ne. Ya ce motar asibiti ta ɗauke Haidar minti goma da suka wuce. Ya yi ta cewa shi ne ya kira su, sauran sun ce a kwantar da shi ya yi barci kada 'yan sanda su zo. Ya maimaita har sau uku, kamar wanda ake tuhuma.

"Da rai?" in ji Daso.

Ya ce bai sani ba. Ya ce leɓensa ya yi shuɗi.

*

A asibiti aka zaunar da ita, wani likita ya yi mata bayani a tsaye, hannunsa a aljihu. Kalmar shot ta sake fitowa daga bakinsa. A nan Daso ta tuna inda ta taɓa jin ta ban da labarai: duk lokacin kaka in ta je allurar mura, haka ake kiranta.

"Allura aka yi masa? Guda goma sha biyu? Wa ya yi masa?"

Likitan ya kalle ta, ya ce ta jira. Can sai ga wata nas baƙa, gajera, ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Sannu, Anti. Sunana Prisca, a Jos na tashi. An ce kina jin Hausa."

Daso ta kama hannunta da hannu biyu.

"Ɗanki yana da rai. Wannan shi ne na farko. Ba a harbe shi ba, ba a kuma yi masa allura ba."

"To mene ne shot ɗin?"

Prisca ta ɗaga babban yatsa da manuniya, ta bar 'yar tazara tsakaninsu. "Wani ɗan kofi ne kamar haka. Ana cika shi da giya mai ƙarfi, a kurɓe lokaci guda. Shi ma sunansa ke nan."

"Giya."

"Eh."

"Ai Haidar ba ya sha. Wajen kwashe datti ya je."

Prisca ta ce ta sake faɗin kalmar yadda Haidar ke faɗinta. Daso ta faɗa, ta haɗa da fas ɗin da ta ji a waya. Nas ɗin ta sunkuyar da kai.

"Ba datti ba ne, Anti. Kalmomin Turanci biyu suka gutsuttsura suka haɗa, rana da fati. Shagali ne da ake farawa tun hantsi. Duk Asabar ana kawo mana su, wasu ko azahar ba a yi ba. Shi ya sha fiye da abin da jikinsa zai ɗauka, numfashinsa ya yi ƙasa, ya suma. Suman ne fas ɗin da abokinsa ya faɗa miki."

Daso ta zuba wa tayil ɗin ƙasa ido. Dare take tsoro tun da suka zo ƙasar nan. Duk abin da aka gargaɗe ta a kansa na dare ne, shi ya sa kowace Asabar bayan isha'i take kiransa ta tabbatar yana ɗaki. Kuma kullum yana ɗaki, muryarsa a shaƙe, yana cewa ya gaji. Ita kuma ta ce sannu da aiki, Allah ya ba da lada.

"Da ya faɗa mini da Hausa," ta ce a hankali, "me zai ce?"

Prisca ta miƙe. Ta kai ta bayan wani labule.

Yana kwance ta gefe, roba a hanci, ruwa na shiga ta bayan hannunsa. Wani wari mai tsami ya cika wurin. A wuyan hannunsa akwai wata siririyar takarda ruwan hoda, irin wadda ta gani a hannun kowa a harabar gidan nan. Ta kira sunansa. Ya buɗe ido rabi, ya yi wata magana da Turanci wadda ba ta kama ba, ya koma. Ta daɗe a tsaye, ta rasa ko tofi za ta yi masa ko faɗa, ta kuma rasa da wane harshe. Wayarta ta yi ƙara, Surajo ne. Ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji.

Prisca ta miƙa mata leda fara mai nuna abin da ke ciki, da rigarsa da takalmansa. Ta ce ta jira a waje, sai nan da sa'o'i kaɗan zai dawo hayyacinsa sosai.

*

Ɗakin jira ya cika ya rage. La'asar ta wuce ba ta lura ba. Tana ɗagowa ta ga wata mace da babban mayafi tana fitowa daga ƙofar da ita ma ta fito. Aissa ce, 'yar Maraɗi, wadda take sayen daddawa da kuka a shagonta. 'Yarta Leïla tare suka shiga jami'a da Haidar.

Aissa ta tsaya cak. Babu wata kujera sai a layin Daso, don haka ta ƙaraso, ta zauna, ta bar kujera ɗaya tsakaninsu.

"Maman Haidar, ke ma kina nan? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Haidar ne ya ɗan zame ya faɗi. Ku fa?"

"Leïla ce. Palu ne ya taso mata."

"Ayya. Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Allah ya ba shi lafiya."

Daso ta san babu palu, wato zazzaɓin cizon sauro, a garin nan, kuma yarinyar ba ta taɓa zuwa gida Maraɗi ba. A cinyar Aissa akwai farar leda irin tata, da ƙananan takalma a ciki, da guntun takarda ruwan hoda da aka yanke da almakashi. Tsamin nan na tashi daga ledojin biyu.

Aissa ta sauke tata, ta tura ta ƙarƙashin kujera da dunduniya. Daso ma ta sauke tata. Suka zauna suna kallon ƙofa.